Shafi ya wargaje a burauza ɗaya: a ina ya kamata ka farauto tangarɗar?

Ka gama aiki, komai na tafiya daidai a kwamfutarka. Jerin hotuna na silalewa yadda ka so, kan shafin na ƙanƙancewa idan an gungura ƙasa, akwatin saƙo na fitowa daga gindin allo a hankali. Sai mai aikin ya kira: "Malam, a wayata fa abin ya wargaje, ko maɓallin ma ba na gani." Ka buɗe naka, lafiya lau. Ya turo hoto, ka ga da gaskiyarsa. Gyaran kansa sau da yawa layi biyu ne. Abin da ke cin kwana da kwanaki shi ne samun wurin da za ka ga matsalar da idonka har ka auna ta.

Wuraren da ake nemanta ba su wuce biyar ba: kayan binciken da ke cikin burauzar kwamfuta, kwaikwayon waya da ke cikin waɗannan kayan, waya ta gaske da aka jona da kebul, wayar kwaikwayo ta Apple ko wadda ake haya ta intanet, sai gwaji mai sarrafa kansa. Kowanne akwai irin tangarɗar da yake kamawa, akwai wadda ko shekara za ka yi a kansa ba zai nuna maka ita ba.

Kafin a kai ga zaɓi, a daina ƙirga burauza da suna. Injin da ke zana shafi shi ne abin ƙirgawa, kuma manyan uku ne. Blink shi ke cikin Chrome, Edge, Opera, Brave da Samsung Internet. Google ta ɓalle shi daga WebKit a 2013, Edge kuma ta koma kansa a Janairun 2020. Gecko na Firefox ne. WebKit na Safari ne. Wanda ya gwada shafinsa a Chrome da Edge da Opera ya ce ya gwada a burauza uku, inji ɗaya ya gwada sau uku. A iPhone kuwa lamarin ya juya: Chrome ɗin da ke cikinta WebKit ce sanye da rigar Chrome, haka ma Firefox. A 2024 dokar Tarayyar Turai ta sa Apple ta buɗe ƙofa ga wasu injina a ƙasashen tarayyar, amma ga mafi yawan sauran duniya idan aka ce maka "a Chrome na buɗe", tambaya ta gaba ita ce, a wace waya?

Kayan binciken kwamfuta

Nan ake farawa, kyauta ne, kuma mafi yawan abin da ake ɗora wa burauza a nan yake mutuwa. Chrome da Firefox suna hawa Windows, Mac da Linux. Safari ce mai tsada, domin Apple ta daina yin ta Windows tun 2012, sai da Mac.

Ukun ba ƙarfinsu ɗaya ba. Idan abin da ke damunka shi ne me ya sa akwatin nan ya zauna a nan, na fi son Firefox. Tana liƙa wata 'yar alama a jikin duk abin da ya yi ambaliya ya wuce mazauninsa, don haka shafin da ke gungurawa gefe ba gaira ba dalili, cikin minti ɗaya za ka ga mai laifin. Tana dusashe dokar CSS (harshen tsara kamannin shafi) da ka rubuta amma ba ta aiki, ta kuma gaya maka dalili. Idan kuma damuwar ita ce motsi na sarƙewa, Chrome ta fi. Ka naɗi daƙiƙa biyar a sashenta na auna aiki, za ka ga inda kod ɗinka ya tilasta wa burauza sake lissafin shimfiɗar shafi, da alamar gargaɗi a kai. Yawanci abu ɗaya ne: ka sauya faɗin abu, nan take ka karanta offsetTop, ka sake sauyawa, ka sake karantawa, duk a cikin zagaye ɗaya. Kwamfuta mai ƙarfi za ta haɗiye wannan shiru, ƙaramar waya kuwa ta fara tari.

Dabara biyu suna aiki a duka ukun. Ta farko, ka sa umarnin debugger a cikin setTimeout na daƙiƙa uku, ka tayar da motsin, shafin zai daskare yana tsakiyar tafiya ka duba shi a tsanake. Ta biyu, ka zaɓi abin da ke tsalle ka ce a tsaya duk lokacin da aka taɓa siffofinsa. Burauza za ta kai ka har layin da ya taɓa shi, ko da a cikin kod ɗin wani ne da ka aro.

Na taɓa yin jerin katuna masu silalewa, uku-uku a allo. A wurina, Chrome a kan Mac, tsaf. Mai aikin yana Firefox a kan Windows 10, ya ce katunan ƙarshe suna leƙowa, gefen katin da ya wuce yana shigowa. Na yi wuni guda ina zagin Firefox. Da na auna, ga abin da ya fito: faɗin taga 1440 ne a wurinmu duka, amma a Mac sandar gungurawa tana shawagi ne a kan shafi, ba ta cin fili, don haka kowane kati ya sami fiksil 480 cif. A wurinsa sandar ta ci 17, saura 1423, kowane kati 474.33. Ni kuma da offsetWidth nake aunawa, wanda ke zubar da ɗigo ya ba ni 474. Sulusin fiksil sau goma sha biyu, fiksil huɗu ke nan. Da getBoundingClientRect na auna, wanda ke ba da lambar da ɗigonta, da ba a yi ba. An bar jaki ana dukan taiki. Tun daga ranar, kafin in zargi inji sai na tambayi kaina ko bambancin na Windows da Mac ne, ko na salon haruffa. Shi ma wannan na biyun mugu ne: idan ka auna tsayin rubutu kafin haruffan da ka zaɓa su sauka, ka auna na wucin gadi ne, kuma na wucin gadin ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Jiran document.fonts.ready ya isa magani.

Wani abin dubawa na daƙiƙa goma: ka rubuta document.compatMode. Idan ya ce BackCompat, shafin ba shi da ingantaccen layin doctype a samansa, burauza na bin tsofaffin ɗabi'un shekarun 1990, kuma duk awon da ka yi daga nan abin tuhuma ne.

Kwaikwayon waya a cikin burauza

Wannan shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma ya fi yaudarar mutane. Ka danna maɓalli, ka zaɓi sunan wata iPhone daga jeri, shafin ya tsuke, zuciyarka ta kwanta. Abin da aka sauya maka shi ne faɗi da tsayin taga, yawan fiksil, sunan da burauza ke gabatar da kanta da shi, da mayar da linzami ya zama yatsa. Injin yana nan Blink. Kama da wane ba ta wane.

Yana da amfaninsa. Don duba ko shafi na karyewa daidai a faɗin 360 ko 768, babu abin da ya kai shi sauri. Rage ƙarfin na'ura ninki huɗu ko shida da Chrome ke yi yana tona asirin kod mai nauyi. Iyakarsa ke nan. Ga abubuwan da ba zai taɓa nuna maka ba, kuma su ne ainihin masu lalata motsi a waya.

Sandar adireshi a waya tana ɓoyewa idan ka gungura ƙasa, ta dawo idan ka koma sama. Ma'aunin 100vh yana ɗaukar tsayin allo ne kamar sandar ta ɓoye, don haka akwatin da ka ba wannan tsayin ya fi filin da ake gani a farkon buɗewa, maɓallin da ke gindinsa ya nutse. Wannan shi ne maɓallin da mai aikin can ya ce ba ya gani. A kwaikwayo babu sanda, babu nutsewa. Maganinsa ya zo da ma'aunan svh, lvh da dvh, waɗanda Safari ta karɓa a 15.4 cikin Maris 2022, Firefox a 101, Chrome a 108. Sannan duk lokacin da sandar ta motsa, window.innerHeight na sauyawa, ana kuma sanar da kod cewa an sauya girman taga. Idan ka rubuta cewa a sake auna komai a duk irin wannan sanarwar, shafinka zai riƙa zabura a hannun mai gungurawa.

A Safari ta iPhone, idan ka ja shafi ƙasa alhali kana can ƙololuwa, yana miƙewa kamar roba, scrollY kuma ya koma ƙasa da sifili. Lissafin da bai yi tsammanin lamba mai ragi ba zai juya hoto ko ya ɓatar da kan shafi. Idan madannai suka fito, iPhone ba ta rage filin da shafi ke shimfiɗe a kai, filin da ake gani kawai take ragewa, sai abin da ka kafe a gindin allo ya shige bayan madannan; visualViewport ne ke faɗin gaskiyar tsayin a lokacin. Idan kuma haruffan gurbin rubutu ba su kai fiksil 16 ba, da an taɓa gurbin sai Safari ta zuƙo shafin, duk awonka ya tashi a banza.

Waya ta gaske da kebul

Gani ya kori ji. Ga Android, ka shiga bayanan waya ka taɓa Build number sau bakwai, ka kunna USB debugging, ka jona kebul, ka buɗe chrome://inspect a kwamfuta. Shafin da ke wayar zai bayyana da cikakkun kayan bincike, ka taɓa abu a kwamfuta ya haskaka a waya. Firefox na da irin wannan a about:debugging. Ga iPhone, ka kunna Web Inspector, wato kayan binciken Safari, a saitin Safari na wayar, ka jona ta da Mac, ka same ta a jerin Develop. Hanyar da Apple ta tanada ke nan, kuma da Mac take buƙata.

Abin da wannan hanya ke bayarwa wanda babu mai bayarwa shi ne lokaci da yatsa. Ɗauki motsin da aka rubuta da requestAnimationFrame, ana matsar da abu fiksil 5 a kowane firam. A allo mai sabuntawa sau 60 a daƙiƙa, tafiyar fiksil 300 ce. A waya mai 120, ta zama 600, motsin ya koma gudu. A iPhone ɗin da aka kunna wa yanayin tattalin batir, Safari na rage kiran zuwa 30, sai ya koma 150, kamar mai jan ƙafa. Mutum uku za su kawo maka ƙara uku masu karo da juna, kuma duk gaskiya suka faɗa. Gyaran shi ne a lissafa tafiya da lokacin da ya wuce, wanda burauza ke miƙa wa aikin a kowane kira, ko a bar wa CSS motsin gaba ɗaya ta hanyar transform da opacity. Amma ba za ka yi tunanin gyaran ba sai ka riƙe wayar da batirinta ya yi ƙasa ka ga abin da idonka.

Ka kuma buɗe mahaɗin daga cikin Facebook ko Instagram, ba daga burauza kaɗai ba. Waɗannan manhajojin suna buɗe shafi a cikin tagarsu, mai nata sandunan sama da ƙasa, tsayin fili ya sake bambanta. A iPhone ba lallai ka iya leƙa wannan tagar da Web Inspector ba, sai in masu manhajar sun ba da izini, amma ko ganin yadda ta karye ma rabin aiki ne.

Raunin hanyar a fili yake. Waya ɗaya siga ɗaya ce. Chrome da Firefox suna sabunta kansu, amma Safari ta iPhone tana tafiya ne da sigar iOS, wanda wayarsa ta tsufa ta daina karɓar sabuntawa, burauzarsa ta tsaya a nan. Idan taka sabuwa ce, ba za ka ga abin da yake gani ba.

Wayar kwaikwayo ta Xcode da wayar haya

Kada a haɗa wayar kwaikwayo ta Xcode, manhajar Apple ta gina manhajoji a Mac, da waccan ta cikin Chrome. Ta Xcode tana ɗauke da Safari ta iPhone ta gaske, da sandarta da madannanta da miƙewar robarta, kana kuma iya sauke tsofaffin sigogin iOS. Ga mai Mac, kyauta ce, sai dai cin wurin ajiya. Abin da ba ta da shi shi ne nauyin jikin waya, domin da ƙarfin Mac take gudu, motsin da zai sarƙe a waya a nan sumul yake tafiya.

Kamfanoni irin su BrowserStack da Sauce Labs suna da ɗakuna cike da wayoyi da kwamfutoci na gaske, ka biya kuɗin wata-wata, ka zaɓi na'ura da siga, a nuno maka allonta ta intanet kana sarrafawa. Suna kuma ba da wata 'yar manhaja da ke haɗa na'urarsu da shafin da ke kwamfutarka tun bai hau intanet ba. Ga wanda ba shi da Mac, wannan ce ƙofa mafi kusa zuwa Safari da kayan bincikenta.

Inda haya ta fi kowa shi ne tsofaffin sigogi. Misali, tazarar gap a tsakanin abubuwan da aka jera da flex ba ta zo Safari ba sai 14.1, a 2021. Abin haushin shi ne idan ka tambayi tsohuwar Safari ta hanyar @supports ko ta san gap, za ta ce e, domin ta san shi a grid, wata hanyar jera abubuwa ta daban. Sai katunanka su manne da juna, kod ɗin da ya ƙara tazarar a lissafinsa ya riƙa wuce wuri a kowane mataki. Irin wannan sai a tsohuwar sigar kanta ake kama shi.

Sai dai abin da kake kallo bidiyon allo ne da ya ratso intanet. Idan motsi ya sarƙe, ba ka san ko shafin ne ko layinka ba. Ja da linzami kuma ba ya kama da jan yatsa. Don tambayar "ina abin ya zauna", haya ta wadatar. Don tambayar "yaya yake tafiya", kuɗinka kawai za ka kashe.

Gwaji mai sarrafa kansa

Playwright, wanda Microsoft ta fitar a 2020, yana tuƙa Chromium (tushen Chrome), Firefox da WebKit da rubutu ɗaya, a Windows ko Linux ko Mac. Yana buɗe shafi, ya gungura, ya danna, ya ɗauki hoto ya gwama da na jiya. Mutane kan ji WebKit su ɗauka sun sami Safari kyauta. Sun sami injin, wanda ba ƙaramin abu ba ne, domin bambancin lissafin flex ko grid zai fito. Ba su sami sandar adireshi, madannai ko tattalin batir ba, kuma sunayen wayoyin da ke jerinsa kwaikwayon girma ne irin na Chrome.

Wannan kayan gadi ne, ba na farauta ba. Ba ya gaya maka dalilin karyewa, yana hana abin da ka gyara ya dawo a ɓoye. Gwama hotuna ma yana da fitina: haruffa ba sa fita iri ɗaya a Linux da Mac, hoton da ka ɗauka a kwamfutarka zai faɗi a sabar gwaji ba tare da komai ya lalace ba. Yana tsayar da motsin CSS kafin ɗaukar hoto, amma wanda kod ke turawa firam bayan firam sai ka tsayar da shi da kanka. Ni na fi yarda da gwajin lamba: bayan danna "gaba" sau goma sha biyu, gefen hagu na katin ya yi daidai da gefen mazauninsa, kuskure kada ya kai fiksil ɗaya. Da ina da wannan layin, da katunan can ba su kai ga mai aikin ba. Ga shafin da za a yi sau ɗaya a miƙa, kafa shi wahala ce da ba ta biya. Ga wanda mutum biyar ke taɓawa kowane mako, rashinsa ne wahalar.

To wanne?

Idan kai kaɗai ne kuma Windows ko Linux gare ka, ka sa Firefox kusa da Chrome ka riƙa buɗe su tare tun ranar farko, ka jona Android ɗin da ke aljihunka, wadda ta fi rauni ma ta fi. Safari ce giɓinka. Kafin ka yi tunanin sayen Mac, ka gwada WebKit ta Playwright don shimfiɗa, ka ɗauki hayar wata ɗaya daf da miƙa aiki. Idan kana da Mac, Xcode da iPhone ɗaya ta gaske sun rufe kusan komai, abin da za ka manta shi ne Windows da sandarta mai cin fili. Ka shiga saitin Mac ka ce a riƙa nuna sandar gungurawa kullum, ka ga shafinka yadda mai Windows ke ganinsa. Idan kuɗin abu ɗaya kawai gare ka kuma shafin ya dogara da motsin gungurawa ko ja da yatsa, tsohuwar iPhone ta hannu ta fi hayar shekara. Idan kuwa fom-fom ne da tebura, masu shigowa kuma da na'urori barkatai, haya ta fi.

Akwai ranar da duk waɗannan ba sa hannunka, matsalar kuma a wayar mutum ɗaya take, yana wani gari. Ka sa ɗan ƙaramin akwati a kusurwar shafi wanda ba ya fitowa sai an ƙara ?duba=1 a ƙarshen adireshi. Ya riƙa rubuta innerWidth, innerHeight, visualViewport.height, scrollY, devicePixelRatio da navigator.userAgent, tare da awon abin da ke karyewa, yana sabunta su a kowane firam. Ka tura masa mahaɗin, ka ce, "Ranka ya daɗe, ka buɗe wannan, ka yi abin da ka yi ɗazu, da zarar ya lalace ka ɗauko min hoton allon." Ka ajiye hotonsa kusa da naka, ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya har ka kai kan wadda ta saɓa.